Gida Na Shida: Yadda Na Tattara Sunayen 'Yan Wasan T1 Daga 2013 Zuwa 2025

A watan Nuwamban 2024, ko mako uku ba a yi ba da T1 ta ɗaga kofin duniya na League of Legends a Landan, sai labari ya ɓulla cewa Zeus ya bar ƙungiyar ya koma Hanwha Life Esports. Ina riƙe da gidan gem a Jos, ta wajen titin Bauchi. Yawancin yaran da ke zuwa wurina ƙwallo suke bugawa a PlayStation, wasu kuma wasan harbi a waya, amma akwai 'yan tsiraru da kallon wannan gasa ya shiga jininsu, kuma dukkansu T1 suke yi. Su ne suka same ni da maganar cewa shi ke nan ƙungiya ta mutu, tunda ɗaya daga cikin biyar ya ɓalle.

Na tambaye su wa ke riƙe da layin sama kafin Zeus. Ɗaya ya ce Canna. Na ce kafin Canna fa? Aka yi tsit. A saninsu T1 mutum biyar ce, Zeus da Oner da Faker da Gumayusi da Keria, haka suka buɗe ido suka gan ta. Ni kuwa tun 2013 nake bin ta, lokacin ina ɗalibi, sai na je kafe nake samun kallon guntayen bidiyon wasanninta. Na ga manya sun tafi sun bar ta, na ga ta faɗi ta tashi. Amma labarin ya fi ƙarfin a ba da shi da baki a tsaye, ana hayaniyar ƙwallo a gefe. A nan na ƙudura zan rubuta shi duka, shekara bayan shekara, in kai a buga mini a kan bana, wato babban ƙyallen talla, in kafa a bango, kowa ya karanta da idonsa.

Ga wanda bai san wasan ba, kamfanin Riot Games ne ya fitar da shi a 2009. A kwamfuta ake buga shi, mutum biyar da biyar, kowane ɓangare na neman rusa gidan ɗaya. Kowa da gurbinsa: mai layin sama, ɗan daji da ke yawo yana kai ɗauki, mai layin tsakiya, maharbi a layin ƙasa, sai mai tallafi da ke kare maharbin. T1 ƙungiya ce ta Koriya ta Kudu. Asalinta tun 2004 ne, lokacin da kamfanin sadarwa na SK Telecom ya ɗauki nauyin ƙungiyar ɗan wasa BoxeR ta wasan StarCraft, shi ya sa tsohon sunanta SK Telecom T1. Ɓangaren League of Legends kaɗai na sa a gaba.

Na sayi babban littafi mai layi, na buɗe shi ta tsakiya yadda shafi biyu za su zama fili ɗaya. Na ja layuka a kwance, kowace shekara da nata. A tsaye na yi gida biyar na gurabun wasa, da na koci, da na abin da aka ci a shekarar. Sai na kafa wa kaina ƙa'ida: wanda ya zauna a kujera a babban wasan ƙarshe na shekara, shi ke da gidan. Kuma ba zan rubuta suna da tawada ba sai na gan shi da idona. Abin da ya sauƙaƙa wannan shi ne tsofaffin wasannin suna nan a YouTube, kuma kafin a fara kowane wasa ana jero sunayen goma a allo. Sai in tsayar da bidiyon, in kwafa da fensir, in haɗa da sanarwar da ƙungiyar ta fitar a ƙarshen shekarar. A tsakiyar Nuwamba ne kwantiragin 'yan wasa ke ƙarewa, don haka kusan duk tafiya da zuwa a wannan watan take. Da dare nake aikin, bayan an rufe shago, cikin sanyin Jos na Disamba, da rigar sanyi da shayi.

Layin 2013 bai ba ni wahala ba. Impact, Bengi, Faker, Piglet, PoohManDu, koci kkOma. Su suka doke Royal Club ta Sin da ci 3-0 a Los Angeles a watan Oktoba, Faker yana da shekara 17. Na rubuta na wuce.

A 2014 tsarin ya fara cijewa. Shekarar, ƙungiya biyu kamfanin yake da su a gasa ɗaya, ana kiran ɗaya K, ɗaya S. K ce ta su Faker, wadda ta cinye kakar hunturu ta gasar Koriya ba tare da an ci ta wasa ko ɗaya ba, sannan ta lalace har ta kasa samun tikitin zuwa gasar duniya da aka yi a ƙasarsu. Ƙanena, wanda ke taya ni tsaron shago, ya ce, "Yaya, ka bar S ɗin nan mana, wa ya san su?" Na ce masa ya karanta sunayen tukuna. MaRin, H0R0, Easyhoon, Bang, Wolf. Daga nan na nuna masa layin 2015, bayan dokar gasar ta hana kamfani ɗaya riƙe ƙungiya biyu aka haɗe su: MaRin, Bengi, Faker, Bang, Wolf. Uku cikin biyar da suka ɗauki kofi na biyu a Balin, suka doke KOO Tigers 3-1, daga wannan ƙungiyar da ba a sani ba suka fito, kuma MaRin aka ba gwarzon gasar. Impact da Piglet, waɗanda suka ci na farko, sun riga sun tsallaka Amurka. Na raba layin 2014 gida biyu, S ta samu nata.

Shekarar 2015 ce kuma ta sa na sake zana littafin tun daga farko. Bisa ƙa'idata, Faker ne mai gidan tsakiya, don shi ya buga wasan ƙarshe a Balin. To ina zan kai Easyhoon? Mutumin nan ba ɗumama benci ya yi ba. A wasan ƙarshe na kakar farkon shekara a Koriya, da suka cinye GE Tigers 3-0, Easyhoon ne ya buga duka ukun, Faker na zaune yana kallo. A gasar tsakiyar shekara ta ƙasa da ƙasa, wato MSI, a Florida, shi ya fara wasan ƙarshe da EDward Gaming kafin a sako Faker, aka ci su 3-2. A gasar duniya ma ya buga wasanni. Da yawa a lokacin suna ganin da a wata ƙungiyar yake, ba mai zaunar da shi. Shekara na ƙarewa ya tafi Vici Gaming a Sin. Idan takardata ba ta da wurin irin wannan mutum, ƙarya take faɗa. Sai na ƙara gida na shida a jerin gidajen 'yan wasa, mai faɗi, na waɗanda suka buga amma ba su zauna a kujerar ranar ƙarshe ba.

Wannan gidan ne ya zama zuciyar aikin. Ina duba wancan wasan da GE Tigers, sai na ga ɗan dajin ma ba Bengi ba ne, wani yaro ne mai suna T0M, Im Jae-hyeon. Shekara ɗaya ya yi ya tafi. Na sa shi a gida na shida na ci gaba. Can da na iso 2023, ina cika gidan koci, sai ga sunan nan ya sake fitowa: Tom, wanda ya riƙe ƙungiyar a matsayin kocin riƙo ya ɗauki kofin duniya da ita a Seoul. Mutum ɗaya ne. Na san haka a guntu-guntu, amma ganin sunan a saman shafi da ƙasansa, shekara takwas a tsakani, ya sa na daɗe ina kallon littafin. Da ban ƙara gidan ba, wannan zaren ba zai taɓa fitowa ba.

MaRin ma bai tsaya ba, ya tafi LGD a Sin. Lokacin kuɗin Sin na kwasar 'yan wasan Koriya ƙwarai, tun daga ƙarshen 2014. Duke ya maye gurbinsa a 2016, aka kawo Blank ya riƙa canji da Bengi a daji. Suka ci MSI a Shanghai, suka koma Los Angeles suka doke Samsung Galaxy 3-2. A nan na tsaya na sake kallon wasan kusa da na ƙarshe da ROX Tigers a New York gaba ɗayansa, duk da aikin bai buƙaci haka ba, don a wurina yana cikin mafi daɗin wasannin da aka taɓa bugawa. Ana cin T1 2-1 aka dawo da Bengi, ya ɗauki Nidalee, ɗaya daga cikin jaruman da ake zaɓa a wasan, wadda ba a san shi da ita ba, ya ceto su. Ɗan dajin ROX a ranar, Peanut, shi ne wanda T1 ta ɗauko a shekara mai zuwa bayan Bengi ya tafi Sin. Duke kuma ya koma Invictus Gaming, inda ya sake ɗaukar kofin duniya a 2018 yana ɗan canji. Ka ga shi ma a can gida na shida ya faɗa.

Huni da Peanut shekara ɗaya suka yi, 2017. Sun ci MSI a Birazil, suka kai wasan ƙarshe a babban filin wasa na Bejin, Samsung Galaxy ta rama ta ci su 3-0. Hoton Faker ya kifa kai yana kuka daga ranar yake. Yaran shagona sun san hoton, ba su san waɗanda ke zaune gefensa ba.

A 2018 ƙa'idar kujerar ranar ƙarshe ta zama ba ta da amfani, don babu wata rana da za a ce ita ce ta wakilci shekarar. Suna biyu-biyu na rubuta a yawancin gidaje: Thal da Untara, Blank da Blossom, Wolf da Effort. Har Wolf, mai tallafi, an taɓa tura shi daji a farkon shekarar. A gidan tsakiya ma dole na sa Pirean kusa da Faker, don an zaunar da Faker na wani lokaci. Ba su je gasar duniya ba, kuma a Koriya aka yi ta. Ƙarshen shekara Bang ya tafi 100 Thieves a Amurka, Wolf ya tafi SuperMassive a Turkiyya. Mutum biyu da suka riƙe layin ƙasa tare tun zamanin S, suka ci kofin duniya biyu a jere, suka rabu a wata ɗaya.

Sai aka zubo manya a 2019: Khan, Clid, Teddy, da Mata wanda ya kasance gwarzon gasar duniya ta 2014. Sun cinye kaka biyun Koriya, G2 ta Turai ta fitar da su a kusa da na ƙarshe sau biyu, a MSI da kuma a Madrid. A shekarar ne aka yi haɗin gwiwa da kamfanin Comcast na Amurka, suna ya koma T1 zalla, kkOma kuma ya tafi. Na ja jan layi a ƙarƙashin shekarar don a gane inda suna ya sauya.

Shekarun 2020 da 2021 su suka fi cin lokacina da data. A 2020 Canna ya fito, Cuzz ya zo, suka ci kakar farko, sannan abubuwa suka rikice. Wani matashi mai suna Clozer ya karɓi kujerar Faker na wasu makonni, suka sake rasa gasar duniya. A wasannin neman tikiti na ƙarshe ne Gumayusi ya fara bugawa. Shi ƙanen INnoVation ne, ƙwararren ɗan StarCraft II wanda shi ma ya taɓa buga wa SK Telecom T1, gida ɗaya ya ba ƙungiyar mutum biyu a wasanni daban. A 2021 kuwa mutum goma aka fara shekara da su: Canna da Zeus a sama, Cuzz da Ellim da Oner a daji, Faker da Clozer, Teddy da Gumayusi, sai Keria da aka ɗauko daga DRX. Kusan kowane mako da irin haɗin da ake fitowa da shi. A Yuli aka sallami kociyoyi biyu, Daeny da Zefa. Sai da na bi wasannin ɗaya bayan ɗaya ina yin alama da fensir kafin na gane yadda aka tace goman nan har aka tsaya a kan Canna, Oner, Faker, Gumayusi da Keria, waɗanda DWG KIA ta fitar 3-2 a kusa da na ƙarshe a Aisland.

Ra'ayina a kan wannan shekarar ya saɓa wa na masoya da yawa, waɗanda ke kiran ta shekarar ruɗani. Ruɗanin gaskiya ne, kuma yaran da aka riƙa sakawa ana cirewa sun ji jiki. Amma idan ka dubi takardar, huɗu cikin biyar ɗin da yarana ke ɗauka daga sama suka faɗo, a cikin wannan ruɗanin aka tsinto su. Zeus da Oner da Gumayusi duk renon gida ne, daga makarantar horar da matasa ta ƙungiyar suka taso. Zeus an haife shi a 2004. Ranar da Faker ya ɗauki kofin farko shekararsa tara.

Daga 2022 zuwa 2024 hannuna ya huta, suna biyar ne suke maimaita kansu layi uku. A wasan da ba a cika ganin mutum biyar sun shekara biyu tare ba, wannan abin a jinjina ne, kuma na gane dalilin da ya sa rabuwarsu ta yi wa yaran zafi. A 2022 sun gama zagayen kakar farko da nasara 18 ba faɗuwa, amma RNG ta ci su 3-2 a wasan ƙarshe na MSI a Busan, DRX ta ci su 3-2 a wasan ƙarshe na duniya a San Francisco. Maharbin DRX a ranar, Deft, makarantar sakandare ɗaya suka yi da Faker, kuma tsohon abokin layin Keria ne. Kocin T1 a gasar kuwa Bengi ne, wanda ya je ya yi aikin soja ya dawo gida yana horarwa. A 2023 suka ci Weibo Gaming 3-0 a Seoul. A 2024 kkOma ya dawo, suka ci gasar Esports World Cup a Riyad ta Saudiyya a watan Yuli, sannan suka doke Bilibili Gaming 3-2 a Landan.

Ko a waɗannan shekarun gida na shida bai zauna fanko ba. A Yulin 2023 ciwon hannu ya zaunar da Faker, aka ɗauko wani yaro daga ƙaramar ƙungiyarsu, Poby, aka ɗora shi a kujerar da ta fi kowace nauyi a wannan wasa. A cikin karawa takwas, ɗaya suka ci. A watan ne kuma Bengi ya ajiye aiki. Ɗaya daga cikin yaran ya ce, "Oga, wannan ai bai kamata a sa shi ba, kunya ya ba mu." Na ce masa ya yi tunanin shi ne aka kira da safe aka ce yau kai za ka zauna a madadin Faker, duniya na kallo. Yaron ya amsa kira, ya zauna, ya sha zagi, ya sake zama. Sunansa na nan da girman haruffa ɗaya da na kowa.

Da littafin ya cika, na miƙe shi a tebur na dube shi a tsaye maimakon a kwance. Gidan tsakiya suna ɗaya ne ke fitowa a kowane layi daga sama har ƙasa, Faker, Lee Sang-hyeok, haihuwar 1996. Gidan sama kuwa Impact, MaRin, Duke, Huni, Thal da Untara, Khan, Canna, Zeus. Gurbin da yarana ke kuka a kansa shi ne wanda ya fi kowane sauya hannu a tarihin ƙungiyar. Amma ban yarda da masu cewa Faker ne kaɗai T1 ba, kuma takardar ce hujjata. Yana nan a 2014 da 2018 da 2020, ko ƙofar gasar duniya ba su taka ba. Ba ya nan a Yulin 2023, ragowar huɗun suka kasa tsayuwa. Kowace nasara a shafin tana da mutum huɗu a gefensa waɗanda suka dace da shi a wannan shekarar, da wasu a benci da ke matsa wa na kan kujera lamba.

Na kuma lura da gajartar rayuwar wannan sana'a. Yawancin sunayen layi ɗaya ne ko biyu, sai su ɓace. Wasu kuɗin waje ya ja su, wasu hannu ko ƙwazo ya gaza, kuma kowane namiji lafiyayye a Koriya ta Kudu aikin soja na jiransa, kusan shekara ɗaya da rabi. Shi ya sa lambar zinariya da ƙasar ta ci a gasar wasannin nahiyar Asiya a Hangzhou, a Satumban 2023, ta zama babban abu ga Faker da Zeus da Keria: dokarsu ta sauƙaƙa wa mai irin wannan lamba, ba sai ya bar wasa ya yi cikakken aikin soja ba.

Saura bugawa. Na kai littafin wurin wani mai buga bana a cikin gari, muka zauna gaban kwamfutarsa yana shigarwa a CorelDraw ina karanto masa harafi-harafi. Na ce kowane ɗan wasa a sa laƙabinsa da manyan baƙi, sunansa na yanka a ƙasa da ƙanana, don mutane ne masu iyaye, ba sunayen allo kawai ba. Bae Seong-woong ƙarƙashin Bengi, Lee Ji-hoon ƙarƙashin Easyhoon, Bae Jun-sik ƙarƙashin Bang, haka har ƙasa. Ya ce, "Malam, wannan rubutu ya yi yawa, ba mai tsayawa ya karanta. Ka bari in sa maka hoton babban nasu a tsakiya, sauran mu zagaye shi." Na ce masa a'a, hoto ko ɗaya ba na so. Hoton Faker yana cikin wayar kowane yaro. Abin da babu a wayoyinsu shi na kawo a buga. Ya ce to a matse gida na shida don a samu fili. Nan ma na ƙi, na ce a rage na kofuna. Mun daidaita a kan farin fili, baƙin rubutu, jan layi a inda suna ya sauya, da tauraro ƙarami a gefen shekarun da aka ci kofin duniya. Kafin ya tura wa injin, na sa ya fitar mini a takardar A4 na tafi da ita gida, na gwada kowane suna da na littafi, domin sifilin da ke cikin H0R0 da T0M hannun mai bugawa kan mayar da shi harafin O. Na kuma ce ya bar layuka fanko a ƙasa, da gidajensu a zane.

Ranar da muke kafa ta, maƙwabcina tela, dattijo ne, ya leƙo ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Kai yaro, duk waɗannan su waye?" Na ce, "Baba, 'yan wasa ne, na kwamfuta, mutanen Koriya." Ya ce to me ya haɗa mu da su? Na ce masa yadda shi zai iya jero mini 'yan Mighty Jets na zamaninsa da ka, kuma kowane ɗan Jos ya san Mikel Obi ta Plateau United ya bi, Ahmed Musa ta JUTH da Kano Pillars, haka yaran nan suke da nasu, kuma gara su san abin da suke so da tushensa. Ya ce in dai haka ne, ai ƙungiya ba ta ƙarewa don mutum ɗaya ya tafi, ya fara lissafo mini masu tsaron gida da ya gani sun wuce. Sai da aka kira la'asar muka rabu.

Yaran sun karanta, saɓanin abin da mai bugawa ya zata. Ba a rana ɗaya ba. Mai jiran layinsa ya zo kan PlayStation sai ya tsaya gaban banar, ya ɗauki suna ɗaya ya nemi bidiyonsa. Musu ya sauya salo: an daina cewa ƙungiya ta mutu, aka koma tsakanin MaRin da Zeus wa ya fi, ko Bang da Wolf za su iya da Gumayusi da Keria.

Layin 2025 da alƙalamin maka na cika shi, bayan wasan ƙarshe a Chengdu a watan Nuwamba, inda suka doke KT Rolster 3-2. Doran, wanda ya zo daga Hanwha ɗin da Zeus ya koma, shi ke gidan sama. Kofi shida ke nan, da masu layin sama biyar daban. A gida na shida na rubuta Smash, matashin da ya riƙe kujerar Gumayusi a farkon shekarar, lokacin da masoya suka rabu biyu a kansa.

Littafin bai ƙare ba, akwai sauran shafuka a bayansa, sai na juya shi na fara irin wannan aiki a kan tamu ƙungiyar. Muna da 'yar ƙungiya a shagon da ke shiga gasannin waya, kuma a 'yan shekarun da ta yi mutane da dama sun ratsa ta. Wani ya samu jami'a ya tafi, wani bautar ƙasa ta ɗauke shi, wani mahaifinsa ya kai shi koyon gyaran mota, wani wayarsa ce ta lalace bai samu wata ba. Wannan ya fi na T1 wuya nesa ba kusa ba, don babu bidiyo, babu sanarwa, sai tsofaffin hotuna a WhatsApp da abin da mutane suka tuna. Ƙa'idar dai ita ce: sai mutum biyu da suke wurin sun tabbatar kafin in sa tawada, kuma duk wanda ya taɓa buga mana ko karawa ɗaya ce yana da gida. Daga yanzu duk sabon shiga, ranar da ya zo nake rubuta cikakken sunansa da gurbinsa, ranar da ya tafi in rubuta dalili. Akwai wani da ya riƙe mu a wata gasa da mai harbinmu ya kwanta zazzaɓi, kowa laƙabinsa ya sani, ba wanda ya riƙe sunan mahaifinsa. An ce ya koma Kaduna wurin yayansa. Na ba wani direba da ke bin hanyar saƙo ya nemo mini lambarsa.